BABI NA UKU: ZAƁEN MAZAUNIN SASHEN WALLAFA A GIDAN YANAR GIZO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan manhajojin da ake amfani da su wajen wallafa rubutu a intanet, da yadda suka sauƙaƙa wa marubucin da ba shi da zurfin ilimin kwamfuta fitar da aikinsa. A wannan babi kuwa za a dubi wata matsala da ke tasowa tun kafin a wallafa ko da kalma ɗaya, wato a ina za a ajiye sashen wallafar a cikin gidan yanar gizon da ake da shi. Abin da ake nufi da sashen wallafa a nan shi ne ɓangaren da ake zuba rubuce-rubuce a kai a kai, sabo a saman tsoho, kamar maƙalu da sanarwa da sharhin littattafai. Wannan ya saɓa da sauran ɓangarori irin su tarihin ma'aikata da lambobin tuntuɓarta, waɗanda sukan shekara ba a taɓa su ba.

A lokacin girka manhaja, tambayar takan zo ne a cikin layi ɗaya tare da ɗan gurbin da za a cike, mutum kuma yakan cike shi cikin daƙiƙu ba tare da wani tunani ba. To amma abin da aka rubuta a wannan gurbi shi ne zai zama farkon adireshin kowane rubutu da za a wallafa daga ranar har abin da hali ya yi. Ra'ayin da wannan babi zai kare shi ne, ya kamata a yanke wannan shawara bisa la'akari da wanda zai riƙa kula da sashen da kuma daɗewar da ake so adireshin ya yi, sauran dalilai kuwa su biyo baya.

3.1 Ƙirar Adireshi

Ba za a fahimci matsalar ba sai an san yadda adireshin intanet yake a ƙere. Za a yi amfani da sunan example.org wajen kawo misalai, domin yana cikin sunayen da aka keɓe tun 1999 don koyarwa, ba mallakar kowa ba ne. Idan aka ɗauki adireshi kamar example.org/mujalla, za a ga ya kasu kashi biyu, karan da ke tsakani ne ya raba su. Kashin hagu shi ne sunan gida, wanda ake kira domen. Kashin dama kuwa shi ne hanyar da ake bi a cikin gidan.

Waɗannan kashi biyu asalinsu ma ba ɗaya ba ne. Tsarin sunayen gida, wato DNS, Paul Mockapetris ne ya tsara shi a Amurka a 1983, aka kuma sabunta ƙa'idojinsa a 1987. Aikinsa shi ne mayar da suna zuwa lambar kwamfutar da ke ɗauke da bayanan, wadda ake kira uwar garke. Ana karanta sunan ne daga dama zuwa hagu, daga babba zuwa ƙarami. A cikin mujalla.example.org, kalmar org ita ce babba, example na ƙarƙashinta, mujalla kuma reshe ce a ƙarƙashin example. Ita ma www da aka saba gani reshe ce kamar kowane reshe, al'ada ce kawai ta ba ta girma. Gidan yanar gizo na farko ma, wanda Tim Berners-Lee ya kafa a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba, a reshe yake, wato info.cern.ch.

Kashin dama kuwa ya zo ne tare da yanar gizo kanta, wadda Berners-Lee ya gabatar da shawararta a 1989. Abin lura a nan shi ne tsarin DNS bai san da wannan kashi ba sam. Idan mai karatu ya rubuta example.org/mujalla, burauzarsa takan tambayi DNS lambar example.org kawai, sa'an nan ta je wurin uwar garken ta ce a ba ta abin da ke /mujalla. Ke nan mai riƙe da DNS shi ke da ikon fitar da reshe, mai riƙe da uwar garke kuma shi ke da ikon buɗe hanya. A ƙaramar ƙungiya mutum ɗaya ne ke riƙe da duka biyun. A babbar ma'aikata kamar jami'a kuwa sau da yawa ofisoshi daban-daban ne, wannan kuma shi ke mayar da zancen fasaha ya koma zancen mulki.

3.2 Mazaunan da Ake Iya Zaɓa

Daga bayanin da ya gabata za a ga mazaunan da ke gaban mai girkawa. Yana iya ajiye sashen a tushen gida, ta yadda duk wanda ya rubuta example.org zai faɗa kansa kai tsaye. Yana iya buɗe masa folda a cikin gida, ya zama example.org/mujalla. Yana iya fitar masa da reshe, ya zama mujalla.example.org. Ko kuwa ya saya masa suna na daban ɗungurungum. Idan za a kwatanta da gidan Bahaushe, na farko kamar mayar da zaure ne ya zama wurin sana'a, na biyu ɗaki ne a cikin gida wanda sai an bi ta zaure, na uku sashe ne da aka fasa wa ƙofa ta waje amma har yanzu sunan maigida ake kira, na huɗu kuwa tashi ne aka yi aka koma wata unguwa.

Kafofin watsa labarai na Hausa sun isa misali a kan cewa babu hanya ɗaya da kowa ya bi. Sashen Hausa na BBC yana bbc.com/hausa, na DW yana dw.com/ha, na RFI kuma yana rfi.fr/ha, dukansu folda ke nan a cikin babban gida. Wikipedia ta Hausa kuwa tana ha.wikipedia.org, haka ma jaridar Premium Times ta ajiye sashenta na Hausa a hausa.premiumtimesng.com, waɗannan rassa ne. Duk waɗannan kafofi suna da masu karatu, saboda haka ba za a ce wani tsari ya hana wata daga cikinsu ci gaba ba. Abin da za a iya cewa shi ne, tsarin Wikipedia ya dace da yadda take gudana, domin kowane harshe yana da nasa jama'ar da nasa masu gudanarwa da nasa dokokin cikin gida, alhali kafa kamar BBC hukuma ɗaya ce ke kula da na'urorin dukan harsunanta.

3.2.1 Tushen Gida

Wannan mazauni ya dace da wanda rubutun shi ne dukan abin da yake da shi, kamar marubuci ɗaya ko mujallar da ba ta da wata harka sai wallafa. Adireshinsa ya fi gajarta, ya kuma fi sauƙin faɗa a rediyo ko a taro. Matsalarsa takan bayyana ne idan akwai wani gini a wurin tun da farko. Uwar garke takan nemi fayil mai suna index don ta nuna wa baƙo, idan kuwa tsohon gida yana da index.html sabuwar manhaja kuma ta zo da index.php, to ɗaya zai rufe ɗaya gwargwadon yadda aka saita uwar garken. Haka kuma manhajar takan rubuta nata dokokin sarrafa adireshi, waɗanda kan iya cin karo da na tsohon ginin. Wanda ke da gida mai aiki bai kamata ya girka komai a tushe ba sai ya kwafi duk abin da ke ciki ya adana.

3.2.2 Folda a Cikin Gida

Wannan shi ne mafi sauƙi ta fuskar aiki. Ba a bukatar taɓa DNS, ba a bukatar sabuwar takardar shaidar tsaro, kuma duk wani saiti da aka yi wa gidan ya shafi sashen. Alal misali, fayil ɗin robots.txt, wanda tun 1994 ake amfani da shi wajen gaya wa injinan bincike inda za su shiga da inda ba za su shiga ba, a tushen kowane suna ake ajiye shi. Folda tana cin moriyar na babban gida, reshe kuwa sai an rubuta masa nasa.

Sai dai zaman gida ɗaya yana da nasa farashi, kuma ta fuskar tsaro ne. Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Netscape ya shigo da wata ƙa'ida a burauza wadda har yau ake bi, cewa shafuka biyu suna iya taɓa bayanan juna idan sunansu da hanyar sadarwarsu da ƙofar shigarsu ɗaya ne. Wannan ƙa'ida ba ta duba folda. A wurin burauza, example.org/mujalla da example.org/biya abu ɗaya ne. Ma'anar wannan ita ce, idan masu kutse suka sami kafa a sashen wallafa suka dasa mugun rubutun umarni, to wannan rubutu yana iya aiki da sunan duk wanda ya shiga sashen biyan kuɗi a burauza ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna cewa manhajar WordPress, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ta haura kashi 40 cikin ɗari na gidajen yanar gizo a ƙididdigar W3Techs tun 2021. Yawan masu amfani da ita ya sa masu kutse sun fi sa mata ido, kuma galibin ɓarakar kan fito ne daga ƙananan manhajojin ƙari da ake liƙa mata a manta ba a sabunta ba. Saboda haka gidan da ke karɓar kuɗi ko yake riƙe da bayanan ɗalibai ko na marasa lafiya, sai ya yi tunani sosai kafin ya ba sashen wallafa ɗaki a cikinsa.

3.2.3 Reshen Suna

Babbar fa'idar reshe ita ce ana iya nuna shi zuwa wata uwar garke dabam, ko da a wata ƙasa take, ta hanyar ƙara layi ɗaya a DNS. Wannan ya sa ya dace da inda masu kula da sashen ba su ne masu kula da babban gida ba, ko inda manhajar ke bukatar irin na'urar da babban gidan ba shi da ita. Ana iya ba editoci makullin reshensu ba tare da an ba su na sauran gida ba. Burauza ma tana ɗaukar reshe a matsayin wuri na daban.

To amma akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wanda ya kamata a tsaya a kansa. Mutane da yawa suna zaton da zarar sun fitar da reshe sun raba gari ke nan. A irin hayar uwar garke mai araha da ƙananan ƙungiyoyi ke yi, inda ake sarrafa komai ta manhajar cPanel, reshen da aka fitar yakan kasance folda ce kawai a ƙarƙashin asusu ɗaya da babban gida. Ƙofa ta waje daban ce, amma a ciki babu katanga. Wanda ya fasa manhajar reshen yana iya karanta fayilolin babban gida, har da wanda ke ɗauke da kalmar sirrin rumbun bayanai. Rabuwa ta gaskiya sai an ba reshen asusu na daban ko na'ura ta daban. Har ila yau, ƙananan bayanan nan da ake kira kukis, waɗanda gida ke ajiyewa a burauza don ya gane wanda ya shiga, idan aka saita su da sunan example.org gaba ɗaya to burauza za ta riƙa miƙa su ga kowane reshe.

Reshe yana kuma ƙara hidima. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa duk shafin da ba shi da takardar shaidar tsaro tambarin rashin aminci, saboda haka dole reshe ya sami tasa takardar. Hukumar Let's Encrypt tana bayar da ita kyauta, kuma daga Maris na 2018 ta fara bayar da takarda ɗaya mai rufe dukan rassan da ke mataki ɗaya. Amma takardunta gajeren wa'adi gare su, sai an saita sabuntawa ta riƙa gudana da kanta, in ba haka ba wata rana masu karatu za su wayi gari da gargaɗi a maimakon rubutu. Akwai kuma haɗarin reshen da aka yasar. Idan an nuna reshe zuwa wani kamfanin haya, daga baya aka daina biya aka bar layin a DNS, wani yana iya zuwa kamfanin ya karɓi gurbin, ya riƙa wallafa abin da ya ga dama da sunan ma'aikatar. Wannan ya fi faruwa a manyan ma'aikatu masu rassa barkatai waɗanda babu mai riƙe da lissafinsu.

3.2.4 Suna na Daban

Ba za a tsawaita a nan ba. Suna na daban yana ba da cikakken 'yanci, amma haya ce da ake sabuntawa, yawanci shekara-shekara, kuma idan aka yi sake wa'adi ya wuce wani na iya saye. A Nijeriya hukumar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunaye masu ƙarewa da .ng, kuma .edu.ng an keɓe shi ne ga manyan makarantu. Sashen jami'a da ya fita ya sayi suna na kasuwa ya yar da wannan shaida da hannunsa. Mafi rauni kuma shi ne zama a ƙarƙashin sunan wani kamfani mai ba da wuri kyauta. Kamfanin Yahoo ya sayi GeoCities a 1999, ya rufe shi a Oktoban 2009, miliyoyin shafuka suka tafi da adireshinsu, sai abin da masu sa kai suka iya kwafewa. Wanda sunan ba nasa ba ne ba shi da ikon tura masu nemansa zuwa sabon wuri.

3.3 Batun Injinan Bincike

Mafi yawan muhawarar da ake yi a kan wannan zaɓi ta ta'allaƙa ne a kan wane mazauni Google ya fi fifitawa. Tushen muhawarar shi ne tsarin da Larry Page da Sergey Brin suka gina injinsu a kai a 1998, inda ake auna darajar shafi da yawa da kuma ingancin mahaɗan da ke nuno shi daga wasu wurare. Masu sana'ar tallata shafuka da yawa suna ganin cewa folda tana gadon darajar babban gida kai tsaye, reshe kuwa sai ya yi kamar mai farawa daga tushe. Sukan kafa hujja da gidajen da suka mayar da sashensu daga reshe zuwa folda suka ga masu ziyara sun ƙaru.

Kamfanin Google bai yarda da wannan ba. A 2017 jami'insa John Mueller ya bayyana cewa injinsu yana iya aiki da kowanne daga cikin biyun, mutum ya zaɓi wanda zai iya riƙewa na tsawon lokaci. A 2019 kuma, da kamfanin ya taƙaita yawan sakamakon da gida ɗaya kan samu a shafin farko, ya ce a bisa galibi yana lissafa reshe a cikin babban gidansa. A ganin mai wannan nazari, hujjar masu cewa an ga ƙari bayan ƙaura tana da rauni, domin wanda ya yi ƙaura yakan gyara wasu abubuwa a lokaci guda. Yakan sabunta fasali, ya share matattun shafuka, ya kuma haɗa sashen da sauran gida ta hanyar mahaɗai, ta yadda ba a iya tantance wanne ne ya kawo ƙarin. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, folda takan tilasta wa mai gida ya saƙa sashen a jikin gidan, reshe kuwa yana da sauƙin mantawa.

Ga rubutun Hausa ma muhawarar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Gasar da ake yi a kan kalmomin Ingilishi, inda dubban gidaje ke kokawa a kan jimla ɗaya, babu irinta a Hausa. Wanda ya rubuta maƙala mai kyau a kan karin magana ko tsarin sautin Hausa abokan takararsa kaɗan ne, ko a reshe take ko a folda. Ya kamata a ƙara da cewa a 2024 Google ya fito da doka a kan gidajen da ke ba wasu hayar folda ko reshe don su ci moriyar sunansu, wanda ke nuna cewa zama a inuwar babban suna ba ya wanke rubutu marar amfani.

3.4 Inda Fayil Yake da Inda Mai Karatu ke Gani

Akwai wani bambanci da ke warware rabin matsalar, amma ba kasafai masu farawa ke saninsa ba. Wurin da fayilolin manhaja suke zaune da adireshin da mai karatu ke gani ba dole ne su zama ɗaya ba. A cikin saitin WordPress akwai gurabe biyu, ɗaya na adireshin manhaja, ɗaya na adireshin gida. Ana iya ajiye fayilolin a folda don tushe ya kasance a tsabtace, sa'an nan a kwafi index.php zuwa tushe a gyara layi ɗaya a cikinsa, sai sashen ya riƙa bayyana a example.org. Haka nan ana iya ajiye manhajar a wata uwar garke dabam, a saita ta gaba ta riƙa karɓo duk abin da aka nema a /mujalla daga can ta miƙa wa mai karatu. Manhajar Nginx da kamfanoni irin su Cloudflare suna yin wannan aiki. Ta haka an raba fayiloli an kuma riƙe adireshin folda, ko da yake a wurin burauza har yanzu gida ɗaya ne, kuma tsarin yana bukatar ƙwararre mai kula da shi. Ƙungiyar da ba ta da irin wannan mutum a kusa gara ta haƙura da shi.

Amfanin wannan bambanci shi ne ya nuna abin da ake iya sauyawa da abin da ba a iya sauyawa cikin sauƙi. Fayiloli ana iya kwashe su a dare ɗaya ba wanda ya sani. Adireshi kuwa da zarar ya fita ya shiga hannun jama'a, an tura shi a WhatsApp, an buga shi a takardar taro, ɗalibi ya sa shi a kundinsa.

3.5 Ƙaura da Abin da Take Jawowa

A 1998 Berners-Lee ya rubuta wata gajeriyar maƙala inda ya ja hankalin masu gidaje cewa adireshi ba ya mutuwa da kansa, mutane ne ke sauya shi, ya kuma ba da shawarar kada a cusa a cikinsa abin da zai iya canjawa, kamar sunan manhaja ko na ofishi. Bincike ya tabbatar da girman matsalar. Nazarin da Jonathan Zittrain da abokan aikinsa suka wallafa a Jami'ar Harvard a 2014 ya gano cewa kimanin rabin adireshin da aka ambata a hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kai mutum ga abin da aka nufa. Cibiyar Pew kuma ta bayar da rahoto a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke akwai a 2013 ba a iya samunsu bayan shekara goma. Idan haka ta faru ga harshen da ke da kwafi a ko'ina, to asarar ta fi tsanani ga Hausa, inda sau da yawa maƙala ɗaya ce tak a kan batu, kuma ba a buga ta a takarda ba.

A lokacin tattara bayanan wannan aiki, mai nazari ya bi sawun wasu maƙalu na wata ƙungiyar marubuta da aka ambata a wani kundi, ya tarar duk adireshin sun mutu. Bayan wahala sai ya gano rubuce-rubucen suna nan lafiya, an dai mayar da su ne daga folda zuwa reshe ba tare da an bar alama a tsohon wuri ba. Wanda bai nace ba zai ɗauka sun ɓace.

Maganin wannan sananne ne. Ƙa'idar sadarwar yanar gizo tana da umarni mai lamba 301, wanda ke shaida wa burauza da injin bincike cewa abin ya koma wani wuri dindindin. Dole a tura kowane tsohon adireshi zuwa takwaransa, domin tura kowa zuwa shafin farko daidai yake da a tambayi mutum gida ya nuna gari. Google yana ba da shawarar a bar wannan umarni aƙalla shekara ɗaya, amma ga rubutun ilimi babu dalilin cire shi. Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan hanya bayan ta buɗe GOV.UK a 2012, inda ta tattaro ɗaruruwan gidajen hukumominta wuri ɗaya tare da tura tsofaffin adireshi zuwa sababbi. Ban da wannan, WordPress tana ajiye cikakken adireshi a wurare da yawa a rumbun bayananta, wasu a cikin tsarin da ke ƙidaya haruffa, ta yadda sauya su da hannu kan lalata saiti. Sai an yi amfani da kayan aikin da aka tanada don haka, kamar WP-CLI.

3.6 Sunan da Za a Ba Mazaunin

Ko folda aka zaɓa ko reshe, sai an raɗa masa suna, a nan kuma rubutun Hausa yana da tasa matsala. Sunan gida na asali ba ya karɓar komai sai haruffan Ingilishi da lambobi da karan ɗori, kowane yanki kuma ba ya wuce haruffa 63. Alhamza ba ta shiga sam, saboda haka kalma kamar ra'ayi ba za ta zama reshe yadda take ba. Haruffa masu lanƙwasa suna iya shiga ta wani tsari da aka fito da shi a 2003, amma a ƙarƙashi ana juya sunan ne zuwa wasu haruffa masu farawa da xn--, wani lokaci kuma haka burauza ke nuna shi. A ɓangaren folda ma harafin ƙ yakan koma %C6%99 idan aka kwafi adireshin, ɗ ya koma %C9%97. Ga kuma masu karatu da yawa da allon wayarsu ba shi da waɗannan haruffa. Idan kuwa aka cire lanƙwasar don sauƙi, ana iya faɗawa wata ma'anar, kamar yadda ƙasa kan koma kasa.

Saboda haka abin da ya fi shi ne a nemi kalmar da babu lanƙwasa ko alhamza a cikinta tun asali, irin su mujalla ko labarai ko nazari ko rubutu. A guji sa shekara, a guji sunan manhaja, a kuma guji kalma kamar sabo, domin abin da ake kira sabo bana ba zai amsa sunan ba baɗi. A rubuta da ƙananan haruffa, saboda yawancin uwayen garke suna bambanta /Mujalla da /mujalla, alhali a sunan reshe babu wannan bambanci.

3.7 Matsayin Wannan Aiki

Bisa ga abin da ya gabata, wannan aiki ya karkata ga folda a matsayin zaɓin farko ga ƙananan ƙungiyoyin marubuta da mawallafa, inda mutum ɗaya ko biyu ke kula da komai kuma babu kuɗi ko bayanan sirri a gidan. Dalili shi ne ƙarancin abubuwan da za a manta da su. Inda kuwa masu kula da sashen daban suke da masu kula da gida, kamar sashen koyar da harshe a cikin jami'a, ko inda gidan ke riƙe da bayanan jama'a, to reshe mai asusunsa na daban ya fi dacewa. A irin wannan hali ya kamata a rubuta yarjejeniya da ofishin da ke riƙe da DNS, a bayyana wanda ke da alhakin sabunta manhaja da takardar tsaro, da wanda za a miƙa wa makulli idan mai riƙe da shi ya kammala karatu ko aka yi masa canjin wurin aiki. A babi na gaba za a dubi yadda ake tsara adireshin kowace maƙala a cikin mazaunin da aka zaɓa.